2,147,483,647: daga ina darajar wannan lamba ta fito?

Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya kan lambar nan 2,147,483,647, wato biliyan 2 da miliyan 147 da dubu 483 da 647. Duk inda aka kawo ta sai a jero mata siffofi: mara ce, ba ta rabuwa, lambar Mersenne ce, mai gibi ce, da sauransu. Na haddace jerin amma ban ga abin da ya haɗa su ba. Kuma ga lambobi nan birjik masu girma irin nata, me ya sa ita ake ta ambata? Don Allah masana a taimaka.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Amsar a wurina gajeriya ce: kwamfuta ce ta ɗaukaka ta. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya. In aka ware gurbi 32 don ajiye lamba, gurbi ɗaya yana tafiya wurin nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31. Ki cika guraben nan 31 da ɗaya-ɗaya, abin da za ki samu shi ne 2,147,483,647. Ita ce iyaka. Ki ƙara 1 a kai, sai abin ya juye kamar mitar mota da ta cika tara-tara ta koma farko, sai dai a nan ba sifiri take komawa ba, faɗawa take can ƙasa zuwa −2,147,483,648.

Shi ya sa muke maganar shekarar 2038. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta faɗo ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14:07 na asuba agogon GMT. Duk na'urar da ba a gyara ba, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ɗauka ana cikin Disamba 1901. Ko YouTube a Disamba 2014 ta sanar cewa ta koma gurbi 64 wurin ƙirga masu kallo, saboda wani bidiyo ya kai wannan iyaka. To kin ga dalilin sunanta. Ba don kwamfuta ba da babu wanda zai waiwaye ta.

Malam Lawal:
Injiniya, bayaninka na kwamfuta daidai ne, amma jimlarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba ko kaɗan. Lambar nan ta yi suna tun kusan shekara 200 kafin a ƙera kwamfuta. A 1772 Leonhard Euler, yana birnin St. Petersburg na Rasha, ya tabbatar da cewa babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. A lokacin idanunsa sun kusa tafiya gaba ɗaya. Daga nan ta zauna a matsayin mafi girman lamba marar rabuwa da ɗan Adam ya sani har zuwa 1867, kusan ƙarni guda ke nan. Kwamfuta ta zo ta tarar da ita da rawaninta.

Injiniya Bashir:
Malam, da girmamawa, mutum nawa ne suka san wannan tarihi? Amma duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya ci karo da ita.

Malam Lawal:
Yawan waɗanda suka san abu daban, abin da ke cikinsa daban. Sadiya ta tambayi abin da ya haɗa siffofin ne, kuma amsar tana cikin maganarka ba ka tsaya a kanta ba: ɗaya-ɗaya guda 31. Wato ka ninka 2 da kanta sau 31, ka cire 1. Mu rubuta shi 2^31 − 1. Irin wannan lamba, wato 2 da aka yi ta ninkawa da kanta aka cire 1, ita ake kira lambar Mersenne. Kusan duk abin da za a faɗa game da lambar nan daga wannan siffa yake fitowa.

Sadiya:
Baba Malam, abin da ya tsaya mini shi ne Euler. Mutum ba na'ura, ido ba lafiya, ta yaya zai gwada raba lamba mai biliyan biyu da kowace lamba da ke ƙasa da ita?

Malam Lawal:
Madalla da wannan tambaya 'yata, don a nan daɗin abin yake. Bai gwada duka ba, kuma ba ya bukata. Sau uku aka rage aikin.

Da farko, in lamba tana rabuwa, to a cikin biyun da aka ninka aka same ta dole ɗaya ta kasance ƙarama. Ɗauki 91: 7 sau 13 ce. Ba sai kin kai 13 ba, tun a 7 kin kama ta. Iyakar binciken ita ce lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai wadda ake bincike. A nan 46,340 sau 46,340 ya ba da 2,147,395,600, ita kuwa 46,341 sau kanta ta wuce. Ke nan daga biliyan biyu mun sauko zuwa 46,340. Kuma a cikinsu marasa rabuwa kawai za a gwada, su kuwa 4,792 ne.

Har yanzu aiki ne mai yawa ga mai alƙalami da takarda. Sai a ɗauko abin da Pierre de Fermat na Faransa ya gano tun 1640: in p ba ta rabuwa kuma ta wuce 2, duk lamba marar rabuwa da za ta raba 2^p − 1 dole ta kasance ninkin 2p da ƙarin 1. A wurinmu p ita ce 31, don haka mai raba ta dole ta zama ninkin 62 da ƙarin 1: 63, 125, 187, 249, 311, haka har sama. Duk wata lamba da ba ta cikin wannan layi, ko kallonta ba sai an yi ba.

Sannan Euler ya ƙara nasa: mai raba irin wannan lamba, in aka raba ta da 8, ragowar dole ta zama 1 ko 7. Gwada ki gani. 63 ta bar 7, ta tsaya. 125 ta bar 5, ta fita. 187 ta bar 3, ta fita. 249 ta bar 1, ta tsaya. Rabi sun zube ke nan. Abin da ya rage shi ne ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Ƙasa da 46,340 waɗannan ba su kai 400 ba, kuma da yawansu ma suna rabuwa, kamar 63 da 249, ba sai an gwada su ba. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Ki raba da kanki: za ki samu 6,905,092, ragowa 35. Ba ta raba ba. Haka za ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wadda za ta ba da ragowar sifiri.

Daga biliyan biyu zuwa abin da mutum zai iya gamawa a zaune. Ni wannan ne nake so ɗalibai su gani, ba kalmar “ba ta rabuwa” kawai a cikin jeri ba.

Nura:
To ai ni a ganina ma ba sai an sha wannan wahala ba. 2^2 − 1 = 3. 2^3 − 1 = 7. 2^5 − 1 = 31. 2^7 − 1 = 127. Duk ba sa rabuwa. Ƙa'idar a fili take: in ta saman, wato lambar da ke bayan alamar ^, ba ta rabuwa, sakamakon ma ba ya rabuwa. 31 ba ta rabuwa, magana ta ƙare.

Hauwa:
Yaya Nura ka tsaya da wuri. Ci gaba zuwa 11. 2^11 − 1 = 2,047, kuma 23 sau 89 ne.

Nura:
23 sau 89... 2,047. To wace ƙa'ida ce ke aiki ke nan?

Hauwa:
Rabin maganarka gaskiya ce. In ta saman tana rabuwa, sakamakon dole ya rabu. Misali 2^6 − 1 = 63, kuma 3 da 7 suna raba ta, su ne 2^2 − 1 da 2^3 − 1. Shi ya sa iyakar gurbi 64 da Injiniya ya ambata, 9,223,372,036,854,775,807, wato 2^63 − 1, take rabuwa: 63 ninkin 3 ce, don haka 7 tana raba ta. Amma juyin maganar ba ya tsayawa. Rashin rabuwar ta sama sharaɗi ne na shiga gwaji, ba shaidar cin gwajin ba. Kuma duba 23 da 89 ɗin nan da idon abin da Malam ya faɗa: 23 ita ce 22 da 1, 89 ita ce 22 sau 4 da 1. Ƙa'idar Fermat ce a gabanka.

Malam Lawal:
Nura, manyan masana sun taka wannan wuri kafin kai. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 2^17 − 1 = 131,071 da 2^19 − 1 = 524,287 ba sa rabuwa, aiki mai kyau. Amma ya ƙara da cewa 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke, ba tare da ya gwada ba. A cikin huɗun nan 31 kaɗai ta tsira. 2^23 − 1 = 8,388,607 kuma 47 tana raba ta. 2^29 − 1, 233 tana raba ta. 2^37 − 1, 223 tana raba ta.

Shi kansa Marin Mersenne, malamin cocin Faransa da ake kiran lambobin da sunansa, ya fitar da jerinsa a 1644: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Ya sa 67 da 257 alhali suna rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107 alhali ba sa rabuwa. Sai a 1903 Frank Cole ya nuna a wani taron masana lissafi a Amurka cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287. Don haka Cataldi da Mersenne duk sun ambaci 31 kafin Euler, amma faɗa daban, hujja daban. Tamu ita ce ta takwas a jerin gaskiya: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31.

Umar Faruk:
Ni kuma abin da na lura da shi daban ne. In ka tara alƙalumanta, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, za ka samu 46. 4 da 6 kuma 10, 1 da 0 kuma 1. Ta dawo 1. Sannan 4 ta fito sau uku a cikinta, 7 sau biyu. Ba wani sirri a nan?

Injiniya Bashir:
Babu, ɗan'uwa. Wannan duk aikin rubutu ne da tsarin goma-goma. A tsarin sifiri da ɗaya babu 4 babu 7 a cikinta, ɗaya ce zalla sau 31. A tsarin sha shida da muke amfani da shi kuma 7FFFFFFF ake rubuta ta. Abin da ke canzawa in ka canza rubutu ba siffar lambar ba ne.

Hauwa:
Na yarda da kai a kan ƙirga 4 da 7, Injiniya, amma kada mu zubar da maganar Umar duka. Wannan 1 da ya samu a ƙarshe tana da ma'ana: ita ce ragowar da lambar ke bari in an raba ta da 9. Wannan kuwa ba ruwansa da yadda aka rubuta ta. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne ba 9 kaɗai ba ce. Raba ta da 2, ragowa 1. Da 3, ragowa 1. Da 7, da 11, da 31, duk ragowa 1. Dalilin yana wurin maƙwabciyarta ta ƙasa:

2,147,483,646 = 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331

Duk abin da ya raba wannan daidai, dole ya bar 1 a wurin tamu. Kuma ba haɗari ba ne ta tara masu raba ta haka. Ita 2 ce sau (2^30 − 1), 30 kuwa tana rabuwa da 2, 3, 5, 6, 10, 15, kowanne yana jawo nasa: 2 ta kawo 3, 3 ta kawo 7, 5 ta kawo 31, 10 ta kawo 11, 15 ta kawo 151.

Umar Faruk:
To yanzu ta yaya mutum zai gane siffar da ke da nauyi da wadda ba ta da shi?

Hauwa:
Gwajin da Injiniya ya bayar ya isa: ka tambayi kanka, in na tara tsakuwa adadin wannan lamba ban rubuta komai ba, siffar tana nan? Ko za su kasu kashi-kashi daidai, wannan yana nan. Ko lambar tana karantuwa gaba da baya iri ɗaya, wannan ya tafi da rubutun.

Sadiya:
Anti Hauwa na gode. Saura batun “mai gibi”. Gibin me?

Malam Lawal:
Wannan rabe-raben tsoho ne ƙwarai. Nicomachus ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Sabit bin Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Ga yadda yake: ki tara duk lambobin da ke raba lamba daidai, ban da ita kanta. In jimlar ta gaza ta, mai gibi ce. In ta wuce ta, mai rara ce. In ta yi daidai da ita cif, kammalalliya ce. 8 tana da 1, 2, 4, jimla 7, gibi. 12 tana da 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16, rara. 6 tana da 1, 2, 3, jimla 6, ta kammala.

Tamu fa? Ba ta da kowa sai 1. Jimla 1 a gaban biliyan biyu. Don haka cewa “mai gibi ce” bai ƙara miki komai ba bayan an ce ba ta rabuwa, domin duk marar rabuwa haka take. Haka ma “mara ce”: duk marar rabuwa mara ce in ban da 2. Kin ga siffofi uku a jerinki ashe guda ɗaya ce aka maimaita. Wannan ne aibin irin jerin nan a wurina, suna sa ƙaramin abu da babba a layi ɗaya kamar nauyinsu ɗaya.

Amma ki dubi maƙwabtanta biyu. Ta ƙasa, wadda Hauwa ta warware, tana da masu raba ta 192, kuma mai rara ce sosai. Ta sama, 2,147,483,648, ita ce 2^31. Masu raba ta su ne 1, 2, 4, 8, 16, haka har 2^30. Tara su duka. Me kika samu?

Sadiya:
1 da 2, 3. Da 4, 7. Da 8, 15. Da 16, 31. Kullum ɗaya ce ke hana ta kai ta gaba... To jimlar za ta zama 2^31 − 1. Lambarmu ce!

Malam Lawal:
Ita ce. Gibin 2^31 ɗaya ne tak. Kuma daga wannan ƙaramin abu da kika gani da idonki ne Euclid ya gina hujjarsa a Iskandariya wajen shekara 300 kafin miladiyya: ki yi ta tara 1, 2, 4, 8, duk inda jimlar ta zama marar rabuwa, ki ninka ta da ta ƙarshen da kika tara, za ki samu kammalalliya. 1+2 = 3, sau 2, 6. 1+2+4 = 7, sau 4, 28. 31 sau 16, 496. 127 sau 64, 8,128. Sai 33,550,336, sai 8,589,869,056, sai 137,438,691,328. Ta takwas ita ce wadda lambarmu ta haifa: 2,147,483,647 sau 1,073,741,824, wato

2,305,843,008,139,952,128

Alƙaluma 19. Duk masu raba ta, ban da ita kanta, in an tara su, su ne ita. Euler kuma shi ya tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa duk kammalalliyar da take cika ta wannan hanya kaɗai take zuwa. Ko akwai kammalalliya mara, wannan tambaya ce da ta fi shekara dubu biyu tana jiran amsa.

Injiniya Bashir:
Malam, ban ja da kyawun wannan ba. Amma bari in kare matsayina da wani abu. 2^61 − 1 ma ba ta rabuwa, ita ma tana haifar da kammalalliya, ta ma fi tamu girma nesa ba kusa ba. Wa ya haddace ta? Abin da ya bambanta 31 shi ne ta faɗo daidai kan faɗin gurbin na'ura. Sa'a ce kawai: 32 a cire 1.

Malam Lawal:
Rabinsa sa'a ce, na ba ka wannan. Amma 32 ɗin ma ninkin 2 ce da kanta sau 5, don haka 31 ita kanta lambar Mersenne ce, 2^5 − 1. Lambarmu Mersenne ce a kan Mersenne. Irin waɗannan da ba sa rabuwa guda huɗu kawai aka sani: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1. Ka duba faɗin guraben da kuke aiki da su: gurbi 8 iyakarsa 127, ba ta rabuwa. Gurbi 16 iyakarsa 32,767, wato 7 × 31 × 151. Gurbi 32, tamu. Gurbi 64, Hauwa ta nuna tana rabuwa. Gurbi 128, 2^127 − 1, ba ta rabuwa. Abin da kake kira sa'a yana da tsari a ƙarƙashinsa, ko da tsarin ba ya ba da tabbaci kowane lokaci.

Injiniya Bashir:
To bari in kawo inda ni kaina na san rashin rabuwarta ya yi mana aiki, don adalci. Akwai tsohuwar hanyar samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi a kwamfuta, wadda Park da Miller suka ba da shawara a 1988. Ka ɗauki lamba, ka ninka ta da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, ka riƙe ragowar. Ita ce sabuwar lambarka, sai ka sake. Saboda mai rabawar ba ta rabuwa, kuma an zaɓi 16,807 da kyau (7 ce aka ninka da kanta sau 5), ragowar za ta zagaya duk lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646, kowace sau ɗaya, kafin ta dawo inda ta fara. Da iyakar gurbi 32 ta kasance mai rabuwa, da wannan dabara ba ta zauna daram haka ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa na'ura ce ta kai sunanta kunnen jama'a.

Hauwa:
Wannan misalin naka ai shi ya fi kowanne nuna cewa ba a raba ku biyun. An zaɓe ta don ta shiga gurbi 32, an kuma zaɓe ta don abin da Euler ya tabbatar.

Nura:
Wata tambaya. Na ji ana cewa wasu marasa rabuwa tagwaye ne, kamar 11 da 13. Wannan tana da abokiyar tagwaitaka?

Hauwa:
Ba ta da ita. Cire 2, ka samu 2,147,483,645, ta ƙare da 5, ta rabu. Ƙara 2, ka samu 2,147,483,649, ita kuma 3 sau 715,827,883 ce. Marar rabuwa mafi kusa da ita ta ƙasa ita ce 2,147,483,629, ta sama kuma 2,147,483,659.

Ga wata siffa da ba a cika sa ta a jeri ba, ni kuwa ta fi burge ni. Wasu lambobi ana samun su ta tara murabba'i biyu (murabba'i shi ne abin da ake samu in an ninka lamba da kanta), kamar 13 = 9 + 4. Tamu ba ta yiwuwa, domin in an raba ta da 4 tana barin 3, murabba'i kuwa 0 ko 1 kaɗai yake bari, biyu ba za su taɓa haɗa 3 ba. Murabba'i uku ma ba za su yi ba: da 8 tana barin 7, murabba'i kuwa 0 ko 1 ko 4 yake bari, ka juya ukun nan yadda kake so ba za ka haɗa 7 ba. Dole sai huɗu, kuma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba. Ga nata:

46,339² + 425² + 10² + 1²
= 2,147,302,921 + 180,625 + 100 + 1
= 2,147,483,647

Me ya sa take barin 7? Saboda guraben ƙarshe uku a rubutun Injiniya ɗaya-ɗaya-ɗaya ne. Mun sake komowa 2^31 − 1.

Umar Faruk:
Ni dai har yanzu ina tambayar amfanin neman irin waɗannan. Ta biliyan biyu an samu inda ta yi aiki. Waɗanda suka fi ta fa?

Malam Lawal:
Wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya yi irin tunaninka a 1811. Ya rubuta cewa kammalalliyar da ke fitowa daga 2^31 − 1 ita ce mafi girma da aka sani, kuma da wuya wani ya nemi wadda ta wuce ta, tunda abin sha'awa ne kawai ba abin amfani ba. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1 da hannu, alƙaluma 39. A Oktoba 2024 shirin GIMPS, inda masu sa kai ke ba da aron ƙarfin kwamfutocinsu, ya sanar da 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 da aka sani a wannan dangi. Ba zan ce maka wannan ƙatuwar tana da wani aiki a yau ba. Amma hanyoyin ninka manyan lambobi da sauri da aka goge wurin nemanta suna aiki a wasu wurare, kuma masu haɗa kwamfuta suna amfani da manhajar binciken wurin gwada ƙarfin na'ura. Ni ko babu wannan ma zan so a nema. Tambaya ce ta gaskiya: dangin nan yana ƙarewa ko ba ya ƙarewa? Har yau ba a tabbatar ba.

Sadiya:
Baba Malam, amma lamba mai alƙaluma miliyan 41 ai ko dabarar Euler ba za ta isa ba.

Malam Lawal:
Ba za ta isa ba. Hanyar Lucas ake bi, wadda Derrick Lehmer ya kammala a shekarun 1930, kuma ba a neman mai rabawa ko ɗaya. Ki fara da 4. Ki ninka ta da kanta, ki cire 2, ki raba da lambar da kike gwadawa, ki riƙe ragowar. Ki maimaita sau p − 2. In kin ƙare a sifiri, ba ta rabuwa. In ba sifiri ba, tana rabuwa.

Gwada 31, inda p take 5, taki uku ke nan. 4 sau 4 cire 2, 14. 14 sau 14 cire 2, 194, ragowa 8. 8 sau 8 cire 2, 62, wato 31 sau 2, ragowa sifiri. Ta 2,047 ɗin Nura kuwa bayan taki tara a 1,736 take tsayawa, gwajin ya ce tana rabuwa ba tare da ya faɗa miki 23 ko 89 ba. Lambarmu taki 29 kawai take bukata, a maimakon ɗaruruwan rabawa. Yi mana ta 127 mu gani.

Sadiya:
p = 7, taki biyar.
4 → 14.
14 → 194, cire 127, saura 67.
67 sau 67 = 4,489, cire 2, 4,487. 127 sau 35 = 4,445, saura 42.
42 sau 42 = 1,764, cire 2, 1,762. 127 sau 13 = 1,651, saura 111.
111 sau 111 = 12,321, cire 2, 12,319. 127 sau 97 = 12,319. Sifiri!

Injiniya Bashir:
Daidai ne ƙanwata. In za ki yi ta 2^31 − 1 a kwamfuta, ki kula da abu ɗaya: ragowar na iya kaiwa kusan biliyan biyu, ninka ta da kanta kuma zai kai alƙaluma 19. Gurbi 32 ba zai ɗauka ba, zai juye ya ba ki amsar banza ba tare da ya yi miki gargaɗi ba. Ki ajiye ta a gurbi 64. Takun farko huɗu za su ba ki 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, sai a taki na biyar ne rabawar za ta fara aiki. Ki turo mana abin da kika samu a na 29.